A Gaya wa Mai Injin Nan

Tun da aka rushe tanderun itace na ƙarshe a layinmu nake jin kamar an cire wani abu daga safiyar Agege. Masu gidan burodin sun kawo na gas, mai ƙyalli, ba hayaƙi ba toka, yaro ɗaya ya murɗa ya koma kan wayarsa. Ban ce ba ci gaba ba ne. Burodin ma bai canza sosai ba, in ban da ni da bakina ya saba da ɗan ƙaurin nan na gindinsa. Abin da na rasa ƙara ce. A da, da an sallame sallar asuba za ka ji gatura sun fara amsa wa juna daga wannan gidan burodi zuwa wancan, kowane sara da nishin mai shi a bayansa, jirgin ƙasa ya ratsa ta tsakiyarsu da kukansa, masu goro suna jan kwanduna zuwa bakin tasha. Ko ido rufe ka san unguwa ta tashi. Yanzu da asuba janareto ne da hon ɗin motocin haya na danfo, sai 'yan okada da ke tayar da babur kamar suna faɗa da shi.

Ni kuwa ina nan a ɗan shagona na bayan layin dogo, cikin tsofaffin injinan yankan itace, irin masu sarƙa da ake riƙewa a hannu. 'Yan gwangwan sun san ni. Duk wanda ya tsinci gawar inji a bola ko a bayan wani gidan katako, kafin ya kai ta sikeli sai ya biyo ta wurina, yana dariya yana cewa ga wani mara lafiya an kawo wa Baba. In karɓa, in kwance shi kaf, in jiƙa kabureta a kananzir, in kankare tsatsa da buroshin ƙarfe, in nemo fistin da ringi a jikin ɗan'uwansa da ya riga shi mutuwa, in naɗa masa sabuwar igiyar ja. Wani sai ya ɗauke ni wata da watanni kafin ya yi tari ɗaya. Ba na sayar da su, wa ma zai saya? Nauyinsu kaɗai ya isa ya kori yaran yanzu da suka saba da na roba, wanda ake ɗauka da hannu ɗaya, ya yi damina guda a jefar. Matata ta ce ni kaɗai ne a Legas nake kiwon abin da ba ya haihuwa, ba a yanka shi da Sallah, ga shan mai. Nakan yi dariya in ce ta bar ni da tsufana. Ban taɓa gaya mata cewa ba don jin daɗi nake zama da su ba. Duk injin da na tayar, da ya kama, kunya ce ke fara taso mini, irin wadda ke sa mutum ya sunkuyar da kai ko ba kowa a wurin.

Mahaifina mai faskare ne. Goro ya kawo shi Kudu yana saurayi, jari ya karye, ya ƙi komawa gida hannu wofi, ya ɗauki gatari, bai kuma ajiye shi ba. Dogo ne mara magana, tafin hannunsa kamar ɓawon itacen da yake sara. Ni ne ɗansa na fari, kuma wanda bai tashi a wancan zamani ba sai an yi masa bayanin abin da hakan ke nufi. Bai taɓa kiran sunana ba. Ba ya yi mini magana kai tsaye, in da mutane ko kallona ba ya yi. Mahaifiyata ta ma fi shi, ita da na shigo ɗaki sai ta nemi abin yi a waje. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, haka suka taras, da ita ake gane wanda ya fito daga gidan mutunci. Gwaggo, yayar mahaifina da ke zaune tare da mu tana tuyar ƙosai a ƙofar gida, ita ta goya ni, ita ce kuma tafinta tsakanina da shi. Ina tsaye dab da shi zai juya ya ce mata a gaya wa yaron nan ya ɗebo ruwa. Ita kuma don tsokana sai ta juyo ta maimaita mini da ƙarfi kamar ina ƙetaren titi. Yau ina kallon babban ɗana ya saɓa nasa ɗan farin a wuya, yana kiran sunansa har da waƙa, yana ɗaukarsa hoto yana nuna wa duniya. Wani lokaci abin ya ba ni haushi, wani lokaci in ji ina ƙyashin yaron.

A gidan burodin wata Bayarabiya mahaifina yake aiki, kowa Iya yake ce mata. Mace ce mai jiki da murya, ta tashi cikin Hausawa, Hausarta ta fi ta wasu jikokinmu na yanzu. Motoci su kawo mata gumagumai daga daji, masu gatarinta su datsa, su faskara, su jera a bakin tanderu. Ni ban taɓa taka gidan ba. Ƙannena ke kai masa abinci, ɗan fari ba a aikensa inda ubansa ke tsaye ba riga yana zubar da gumi. Don haka Iya ba ta san fuskata ba, ni ma labarin muryarta kawai nake ji.

Ban gaji gatari ba. Gwaggo ce ta ja hannuna ta kai ni wurin wani makanikin injinan katako a Ogba, ta ce tunda ba abin da nake bari a gida ban kwance ba, har da fitilarta ta ƙwai, gara in je inda ake biyan mutum don ya ɓata abu. A can na fara ganin zarto mai inji. Wani kamfani ne a Ilupeju ya kwaso tarkacensa ya zubar, a ciki akwai wani tsohon inji ja, fentinsa duk ya kwaile, fistin ya cije, tun a lokacin ma ana ce masa tsohon yayi. Ogana ya shure shi da ƙafa ya ce in na tayar da wannan, nawa ne. Wasa yake yi, ni kuwa na ɗauke shi a ka har gida. Kullum na taso aiki sai in baje shi a kan buhu a tsakar gida, in yi ta fama. Na jiƙa fistin da baƙin mai har ya haƙura ya saki. Na yanka fata na yi masa abin toshe yoyo. Haƙoran sarƙar na bi su ɗaya bayan ɗaya da magagari har yatsuna suka faffashe. Duk wannan mahaifina yana zaune a kan tabarmarsa, ya ba ni baya, yana wasa gatarinsa a kan dutse. Ko sau ɗaya ban ga ya waiwayo ba.

Ranar da injin ya tashi, unguwa ta san an yi. Babu salansa a jikinsa, don ban samu ba tukuna. Awakin maƙwabta suka tsinke igiya, Gwaggo ta kusa kifar da kaskon mai, mai gidan da muke haya ya fito da tawul a ƙugu yana salati da Yarabanci. Da na kashe, mahaifina ya ce da Gwaggo a tambayi yaron nan ko yaƙi aka fara. Iyakar yabon da na samu ke nan, ya kuma ishe ni. Daga nan aiki ya fara zuwa, bishiyar da iska ta kayar a kan katanga, filin da za a share a yi gini. Sunana ya ɓace, kowa Afareta. Ina tafiya da inji a kafaɗa ina jin ba wanda ya kai ni, a raina kuma ina cewa saura kaɗan in ajiye wa tsoho gatarinsa ya huta. Ban san hanyar da hakan za ta biyo ba.

Wata safiya wani direban motar itace ya zo nemana, ya ce akwai gungumen da ya gagari masu gatari, mai shi ta ce a zo mata da mai inji. Ban tambaye shi ko ina ne ba, saurayi mai ji da kansa ba ya tambaya. Na haye bayan mota ina ɗaga wa abokai hannu. Sai da muka karya kwana na ji ƙamshin burodi, na hango tulin itace, na hango dogon mutumin da ke tsaye a gefensa da gatari, sannan na gane gidan Iya aka kawo ni. Gungumen kuwa gindin wani tsohon mangwaro ne, duk ƙulli, ya murɗe kamar an matse wanki. Sun daɗe a kansa, abin da suka iya kawai tabo ne. Ga Sallah ta matso, ga itacen tanderu ya ja baya, Iya ta gaji da jira.

Na san abin da zai biyo baya, don na gani a wasu wuraren. Duk inda inji ya yi yanka sau ɗaya, masu gatari sun gama aiki a nan. A da ban damu ba, ban san su ba. Sauran abokan aikin mahaifina 'yan ci-rani ne, samari, suna da gona a gida, in ta ƙi kuma ga dako a kasuwar Mile 12. Shi ba gona, ba ƙuruciya, ba wanda zai ɗora masa buhun albasa a ka. In ya bar gidan Iya, ya bar aiki ke nan har abada. Sai na durƙusa kamar ina duba mai, na sa yatsa na zame wayar da ke kan fulogi, na bar murfinta a zaune yadda ba mai ganewa. Na taka inji na ja igiya, shiru. Na sake ja, shiru. Na yi ta ja har gumi ya jiƙa mini riga. Yaran tanderu suka fara dariya, wani ya ce da Yarabanci injin azumi yake yi. Iya ta riƙe ƙugu tana hararata tana hararar direba. Tunda nake ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya irin na ranar ba. Saura kaɗan ta kore ni kowa ya huta.

Sai na ji muryar mahaifina. Bai dube ni ba. Wani Bagobiri abokin aikinsa da ke gefensa ya juya wa, ya ce:

"A gaya wa mai injin nan wayar kan fulogi ce ta zame. Ya mayar da ita, ya yi wa matar nan aikin da ta kira shi."

Bagobirin bai maimaita ba, kowa ya ji. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ashe duk watannin da ya ba ni baya yana wasa gatari, babu wayar da na taɓa a jikin injin nan da bai san wurin zamanta ba. Ya ga abin da na yi, ya san dalilin da ya sa na yi, ya kuma ƙi karɓa. Na mayar da waya, ja ɗaya inji ya kama. Na kafa shi a jikin mangwaron nan, dusar itace ta yi ta feshi, kafin burodin da ke cikin tanderu ya nuna gungumen ya zama gunduwa-gunduwa a ƙasa. Yaran da suka yi mini dariya suna tafi. Na kashe inji, na tsaya ina kallon ƙafafuna.

Iya ta zagaya gunduwoyin tana gyaɗa kai. Ta tambayi mahaifina ko ya san ni ne, tunda har ya san ciwon injina. Ya ce ɗan unguwarsu ne. Ba ƙarya ya yi niyya ba, ko Sarki ne ya tambaye shi iyakar abin da bakinsa zai iya faɗa ke nan. 'Yan ci-ranin sun san gaskiya, amma ba wanda zai tona abin da dattijo ya rufe. Nan take ta yanke hukunci. Daga yau ni zan riƙa yi mata yanka, masu gatari kuma mutum ɗaya ya isa, wanda zai faskara abin da na datsa, ya ɗaukar mini kaya, ya share wuri. Ta ce in zaɓi yarona a cikinsu. Haka ta faɗa, yarona. In na nuna wani, na kori ubana daga aiki da hannuna. In na nuna shi, na mayar da shi yarona a gaban jama'a. Ban nuna kowa ba. Shi ne ya jingine gatarinsa a jikin bango, ya tako a hankali, ya sunkuya ya ɗauki galan ɗin man da na zo da shi, ya tsaya a bayana.

Da na koma gida na sami Gwaggo tana wanke wake, na zube a gabanta ina kuka kamar ƙaramin yaro. Na ce ko dai in je in gaya wa Iya gaskiya, ko in bar aikin, ko kuma a roƙi mahaifina ya zauna a gida, abin da nake samu ya ishe mu. Ta shiga wurinsa, ta daɗe, ta fito ba tsokana a fuskarta. Ta ce ya ce in na bar aikin wani mai injin za a kira, shi kuma ba zai zaɓi tsoho ba. In Iya ta ji gaskiya kuwa, Yarabawan nan da ke kwanciya ƙasa su gai da iyayensu ba za su iya ganin uba a ƙarƙashin ɗansa ba, za ta sallame shi cikin girmamawa, da burodi a leda da addu'a. Shi kuma bai bar garinsu ya zo nan don ya zauna a tabarma yana jiran ɗa ya miƙo masa ba, muddin hannunsa na ɗaga gatari. Sannan ta faɗi ta ƙarshen da muryarsa, ba ta canza ko kalma ɗaya ba: "In aka faɗa, ban yafe ba."

Yaran yanzu in na ba su wannan labari sai su ce ai da sun faɗa kawai, me zai faru? Ba su san nauyin wannan kalma ba a bakin uban da ba ya magana. Su da iyayensu ake zama a yi shawara, har a yi musu, yaro ya ce bai yarda ba a ce to. Mu ba a yi mu haka ba. Na haɗiye, muka shiga shekarun da har yau ban san sunan da zan ba su ba. Da safe in durƙusa a ƙofar ɗakinsa in gaishe shi, ya amsa wa bango. Mu fita, shi ta wata hanya ni ta wata. A gidan Iya kuma ya taryo ni ya karɓi galan, ya shimfiɗa mini buhun da zan ɗora inji, ya kwashe dusa, ya faskara abin da na datsa. In na kai hannu zan ɗauki wani abu mai nauyi sai ya riga ni, don oga ba ya ɗaukar kaya yaronsa na tsaye.

Oga yake ce mini, kamar kowa. Abin da ya fi ba ni mamaki, kalmar nan ta buɗe masa baki. Tunda ba sunana ba ce, ba kuma ɗansa yake wa magana ba, sai ga shi yana dubana ido cikin ido. Oga, a ƙara mai? Oga, sarƙar nan ta dakushe, ji yadda take fitar da gari. Oga, a bi ta nan, akwai ƙusa a cikin wannan. Wata rana har labarin garinsu ya ba ni muna jiran mota, da rijiyar ƙofar gidansu, da yadda ya yi asarar goronsa. Maganar da muka yi a bakin tanderun nan ta ninka wadda muka yi a gida tun haihuwata. Ina jin daɗinta, ina jin kunyar jin daɗin. Duk sanda ya ce oga sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi, amma in ya yi shiru sai in ƙagu ya sake faɗa.

Abin da na kasa haɗiyewa Iya ce. Da rana ta take sai ka ji muryarta daga cikin gida. Baba, ajiye gatarin nan ka je ka sayo wa Afareta ruwan sanyi. Baba, je ka bi layi ka karɓo masa abinci. Baba, ka tsaya sai an soya sabon nama, kada ka kawo masa na jiya. Ga yara birjik a gidan, ba ta aiken kowa sai shi. Ya ajiye gatari ya tafi, ya daɗe, ya dawo ya miƙo mini a gaban kowa, ni kuma in ci abincin da ubana ya bi layi ya karɓo mini, yana tsaye. Na tsani matar nan tsana mai tsanani. Ba halin in yi magana, sai na samo hanyata. In ta gaishe ni in amsa a hanci. In ta fito za ta ba da umarni, sai in danna totur, inji ya yi ta kururuwa har ta gaji da ɗaga murya ta koma ciki. Yaran tanderu suka ce Afareta ya cika girman kai. Ita kuwa ba ta taɓa tanka mini ba, ni kuma na ɗauka don ba ta da wani mai injin ne.

Haka muka yi ta tafiya har jikinsa ya fara ƙi. Saran da yake yi sau ɗaya itace ya rabe ya koma sai ya maimaita. Na koyi tsaga gunduwa da inji ta tsaye, in rage masa aiki, ina yi kamar gwajin sarƙa nake. Ya gane, amma wannan karon bai aiko a gaya mini komai ba. Cikin wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ranar da zai cika ina zaune a bakin ƙofa, ya ce da Gwaggo a gaya wa yaron nan ya riƙe ƙannensa. A gida muke, don haka yaron nan ne.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na zauna a inda babban ɗa ke zama ina karɓar gaisuwa. Na san Iya za ta zo, na kuma san da ta gan ni a wurin nan magana ta ƙare. A raina har na shirya. Na ce bari ta zo ta ga wanda ta yi shekaru tana aike, ta ji kunya ita ma ko sau ɗaya. Sai ga ta da hantsi, ta yane kanta da mayafi, yara biye da ita da farantan burodi. Ta shiga wurin mata ta yi gaisuwa, sannan ta aiko a kira ni. Na same ta a soro, Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa. Na dube ta ina jiran ta dafe ƙirji. Ba ta dafe ba. Ta yi mini ta'aziyya kamar yadda ake yi wa ɗa, ta ce Allah ya ji ƙan babana.

Na ce, "Iya, wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Afareta, ka ɗauka ni makauniya ce? Wane oga ne yake karɓar ruwa a hannun yaronsa da hannu biyu, yana rusunawa? Tun makon farko na sani."

Na tambaye ta, to me ya sa ta yi ta aikensa a gabana.

Ta ce, "Da na nuna na sani, dole in sallame shi, shi kuma aikin nan ne ke riƙe da shi. Gatari ya fi ƙarfinsa tun kafin ka zo. In na ce ya huta ba zai huta ba, amma in na aike shi zai tafi. Mai abincin ƙawata ce. Na gaya mata in ya zo ta ba shi benci a inuwa, ta ce nama bai soyu ba, har rana ta yi sanyi." Ta gyara mayafinta, ta ɗan yi murmushi. "Kai kuma ka yi ta tayar mini da inji a ka. Ban ji haushi ba. Da ɗana ne, haka zan so ya ji zafin a aiki ubansa."

Duk amsar da na yi mata a hanci, duk totur ɗin da na danna, suka dawo mini lokaci guda. Kunyar da na sha a bakin tanderu ashe ba komai ba ce, wannan ce ta gaske. Na buɗe baki in ba ta haƙuri, in gode mata, ga Hausa ga Yarabancin da na tashi da shi, ko ɗaya bai zo ba. Idona ma ya ƙi ɗaguwa zuwa fuskarta. Tana tsaye dab da ni, na juya wajen Gwaggo na ce a gaya wa Iya na gode.